Tiren Firjin Doña Fidelina

Jama'a, yau sai kun yi haƙuri da ni, don abin da zan faɗa ba zai ƙara mini daraja a idonku ba. Ni Telio, mai gyaran firji a unguwar Pueblo Nuevo ta birnin Santiago, shekarata hamsin da shida, talatin da ɗaya daga ciki na yi su a durƙushe bayan firjin mutane, na yi wa mace ƙarya wata biyar cur. Kuma ba da baki na yi ta ba, da hannu na yi, wadda ita ta fi muni ga mai sana'a.

Ga wanda bai san gidanmu ba, mu biyu ne, ni da 'yata Yudelka. Mahaifiyarta Ramona ta rasu shekara shida ke nan. Yudelka tana aiki a kantin magani, shekarunta ashirin da bakwai, kuma akwai wani Wilkin, direban motar rabon ruwan gora, da ya shekara uku yana zuwa barandarmu kowace Lahadi, hularsa a kan gwiwa. Ta ƙi sa masa rana. Wai ba za ta bar ni ni kaɗai da tukunya ba. Duk lokacin da na ga ƙawayenta da goyo sai in ji kamar ni na taka mata bakin riga.

Ranar Laraba da safe ina soya ƙwai, ga agade na dahuwa a wuta, sai na ji ta daga ɗakin kayan aiki.

"Papi, ina almakashi?"

"Duba durowar sama."

Na ji ta ja ta ƙasa. Kafin in sauke kasko har ta shigo, da shuɗiyar rigar aikinta, gashi a naɗe cikin raga, hannunta riƙe da ledar burodi. Ta zaro abin da ke ciki ta ɗaga shi sama kamar wadda ta kama ɓera ta wutsiya.

"Wannan mene ne?"

"Roba ce."

"Na ga roba ce. Robar wa?"

"Ajiye, za ki fasa."

"Ba wannan ne tiren da ka ce babu shi a duk Santiago ba? Wanda ka ce sai dai ko a aika babban birni? Na Doña Fidelina?"

Na juya ƙwan da ba ya bukatar juyi.

Bari in yi muku bayani. A wurinmu Doña ake ce wa mace don girmamawa, namiji kuma Don. Doña Fidelina Taveras tela ce, gidanta na bayan cocin unguwa, mijinta Bienvenido ya rasu shekara tara. Shi ya aiko mata da firjin tun yana aiki can ƙasar waje a Nueva York, mai ƙofa biyu, da famfon ruwan sanyi a jikin ƙofar hagu. Ƙarƙashin famfon akwai ɗan tire mai tare ɗigon ruwa. Wata bakwai da suka wuce tiren ya tsage, ruwa ya riƙa bin ƙofa har ƙasa, ta kira ni. Na liƙe da gam, na ce zan nemo sabo. Ta ba ni gahawa. Ta tambaye ni wa yake ɗinka mini maɓallin riga, don ta ga kowanne da launin zarensa. Na yi dariya har na ƙware. Rabon da in yi irin wannan dariyar tun Ramona na da rai.

Tun daga nan kowace Alhamis ƙarfe uku ina gidanta da gam.

"Irinsa ne dai," na ce wa Yudelka. "Ke ba ki san sha'anin tire ba. Na farkon nan, irin nata, mai zurfi ne kamar kwanon sabulu, da raga a sama, an ɗaure shi da noti biyu ta ciki. Ƙarƙashinsa akwai siririyar wayar wuta mai ɗan ɗumi, ita ke busar da abin da ya ɗiga. Daga baya masu ƙerawa suka ga wahala ce, suka cire wayar, suka yi wanda ake zarowa kamar durowa, a wanke a mayar. Bayan shi aka yi mai maganaɗisu, yaro ya ja shi ya faɗo. Na yanzu kuwa ɗan faifai ne kawai, zurfinsa bai kai cokali ba, kin ga ai..."

"Papi. Ban tambaye ka tarihin tire ba. Yaushe ka samo shi?"

Na kashe wuta.

"Wata biyar."

Ta zauna a kujera daɓas. Ta kalli tiren, ta kalle ni, sai ta fashe da dariya har da dukan tebur.

"Wata biyar! Kai da ka hana ni fita sati guda don na ce na je ɗakin karatu alhali rawa na je! To gam ɗin fa? Kai da kake liƙe tankin ruwa ya shekara goma bai yoyo ba?"

"Na takalmi nake sa mata."

"Uwar Allah!"

"Sati yake yi ya saki."

Dariyar ta tsaya. Ta mayar da tiren cikin leda a hankali, ta ɗaure bakin.

"Kana sonta, ka faɗa mata. Mene ne na gam?"

"Mace mai mutunci, ɗanta a ƙasar waje, gidanta da tayil har baranda. Ni kuwa hannuna ko an wanke da sabulu uku warin mai yake. In na faɗa ta ce a'a, har Alhamis ɗin na rasa."

"To zauna. Ni ma ina zaune. Wilkin ma yana zaune. Mu tsufa gaba ɗaya a barandar nan, kowa da hularsa a gwiwa."

Ta ɗauki jakarta ta fita ba ta ci komai ba.

Ina shago wajen sha ɗaya saƙon murya ya shigo. Ban buɗe a gaban mutane ba, na zagaya bayan wani mataccen firji na kara wayar a kunne.

"Don Telio, ina kwana. Kada ka ƙara wahalar neman tiren nan. Ɗana Radhamés ya saya mini sabon firji ba da sanina ba, wai Asabar mota za ta kawo, ta tafi da tsohon. Ka san yaran nan, in sun kasa zuwa sai su aiko da kaya. Gobe dai ka zo in sallame ka da gahawa."

A bayan muryarta ina jin keken ɗinki yana hutawa, yana tashi. Na saurara sau shida. Na san irin firjin da Radhamés zai saya wa uwarsa. Sabon yayi, mai ɗan faifai, wanda ko ya fashe za ta saya a kanti ta ɗora da kanta. Irin wannan ba ya bukatar Telio, ko sau ɗaya a shekara.

Ranar Alhamis ban iya jiran ƙarfe uku ba. Tun bakwai na yi wanka, na goge farar rigata mai aljihu huɗu, wadda nake zuwa biki da jana'iza da ita. Na sa, na cire, na ce wa ya taɓa zuwa gyara da wannan. Na sa ta aiki, na ga tabon mai a ƙirji, na koma farar. Yudelka tana goge haƙora a ƙofar banɗaki tana kallona, sai da zan fita ta tura ledar burodin cikin jakar kayan aikina ta ja zif.

Na hau babur har bakin coci, na ƙarasa da ƙafa don kada ƙara ta riga ni. Ƙofar ƙarfen barandarta a buɗe take. Na yi sallama a hankali, rediyo na waƙa, ba ta ji ba. Na leƙa kicin.

Tana tsaye gaban firjin da rigar gida mai furanni rawaya, gashinta a sake, ban taɓa ganin furfurarta haka ba. A hannunta ɗan kofin gahawa ne yana hayaƙi. Ta sunkuya, ta zuba kamar cokali biyu a ragar tiren, ta tsaya tana kallo. Gam ɗina ya riga ya saki tun jiya ko shekaranjiya. Baƙin layi ya fito daga tsagar, ya biyo farar ƙofar, ya sauka kan tayil.

"Yau ma ka ƙi," ta ce.

Na yi tari. Ta juyo a firgice, ta kai hannu kan gashinta.

"Don Telio! Da sassafen nan? Kuma da farar riga, wa ya rasu?"

"Babu kowa. Doña, me kike zubawa a nan?"

Ta ɗauki tsumma ta durƙusa tana goge ƙasa, ba ta ɗago ba.

"Na Bienvenido ne. Shi ba ya karyawa sai da gahawa. Uwata a ƙasa take zuba wa nata mamatan, bakin ƙofar baya. Ni da na rasa shi sai na ga ai wannan ne abin da hannunsa ya zaɓa mini, a nan nake ba shi. Shekara takwas da 'yan watanni, in na zuba da safe, kafin rana ta take tsaka babu ko ɗigo."

Ashe jan tabon da nake kankarewa kowace Alhamis, ina cewa tsatsar tankin unguwa ce, gahawa ce. Shekara talatin da ɗaya a sana'a, na ga masu zuba ragowar lemo, na ga masu zuba ruwan magani don suna zaton akwai bututu mai tafiya ƙasa, amma wannan ban taɓa gani ba.

Ta miƙe, ta matse tsumman a kwatami, ta ba ni baya.

"Da ya tsage na ce tsufa ne. Ka zo ka liƙe, ya sha kwana biyar, shida, sai ya mayar mini. Ka sake liƙewa, ya sake mayarwa. Kowa a unguwar nan ya san abin da ka liƙe ba ya saki. Sai na gane ba daga gam ba ne." Ta buɗe famfo, ta rufe. "Fushi yake. Ya ga ina tashi ranar Alhamis in yi kitso. Ya ga ina sayen biskit mai kwakwa, ni da ba na cin zaƙi. Har wurin Fadan cocinmu na je, na kasa faɗar abin da ya kai ni. Shi ya sa da Radhamés ya ce sabon firji ban yi musu sosai ba. Na ce gara a ɗauke, kowa ya huta."

Ku tsaya ku ji yadda na ji. Magana ɗaya ta ba ni abin da nake roƙon Allah wata bakwai, ita ɗin kuma ta nuna mini abin da na aikata. Matar nan tana kitso saboda ni. Matar nan tana kwana da laifin da ba nata ba, ba na mijinta ba, na kwalbar gam ɗin takalmi ne da ke cikin jakata. Da na yi shiru, da Asabar mota ta zo ta tafi da shaida, ba mai sani har abada sai Yudelka.

Na ajiye jaka a kan tebur, kusa da wani yadi mai ruwan hoda da ta yanka. Na zaro ledar burodi.

"Doña, matsa kaɗan."

Na zare filogi. Na ɓalle murfin, na kwance notin biyu, sukundireba ta faɗi sau biyu. Tsohon tiren ya fito da ɓawon gam kashi-kashi, ɗaya kan ɗaya, kowace Alhamis da nata. Na goge wayar ɗumin, lafiyarta ƙalau. Na ɗora wanda na kawo, ya zauna daram kamar can aka haife shi. Duk aikin bai kai minti goma ba.

"Ka samo!" ta ce, ta haɗa hannu a ƙirji. "Jiya?"

"Tun watan Maris. A filin tsoffin ƙarafa na hanyar Licey. Yana durowata."

Ta sauke hannun daga ƙirji.

"Gam ɗin da nake sa miki na takalmi ne. Ba ya jure ruwa, ba ya jure ɗumi. Na sani tun ranar da na fara. Don in dawo nake yi. Don Bienvenido bai mayar miki da komai ba, Doña, ni ne. Kuma abin da ke shanye gahawar, ga shi nan ƙarƙashi, wayar wuta ce, sababbin ba su da ita..."

"Na san da wayar."

"Kin sani?"

"Shi ya nuna mini ita ranar da ya dawo ya tarar da firjin, yana ta fahariya kamar shi ya ƙera. Ka ɗauke ni yarinya? Wa ya gaya maka mamaci ba zai sha ta waya ba?" Ta jefa tsumman cikin kwatami. "Wata biyar, Telio. Na yi azumi. Na kunna kyandir. Na cire 'yan kunnen da na saya na mayar cikin kwali. Kana zaune a kujerar nan kana cin biskit ɗina."

Ba ta taɓa kiran sunana ba tare da Don ba. Na daɗe ina son ji, ban so ya zo ta wannan hanyar ba.

"Ban san kina zubawa ba."

"Ba ka tambaya ba. Ka kankare ka tafi." Ta nuna filogin. "Mayar."

Na mayar. Firjin ya yi gurnani ya tashi. Ta ɗauki kofin, gahawar ta riga ta huce, ta zubar, ta tsiyayo mai zafi daga tukunya. Ta zuba cokali biyu a sabuwar ragar. Muka tsaya muna kallon ƙofa. Ba abin da ya biyo ta.

"Ɗauki jakarka," ta ce.

"Doña..."

"Ina da rigar amarya da zan gama. Ja mini ƙofar baranda."

Na fito. Maƙwabciyarta na shara, ta kalli farar rigata ta ce, "Allah ya ji ƙan rai, na wa ne?" Na ce nawa ne, na wuce.

A shago ban iya komai ba. Wani ya kawo injin daskarewa, na buɗe bayansa na tsaya ina kallo kamar ban taɓa ganin irinsa ba. Yudelka ta turo saƙo: "Yaya?" Na rubuta, na goge, na tura mata hoton ledar burodi babu komai ciki. Ta turo alamar tafi guda uku. Na rubuta: "Ta kore ni." Ta kira, ban ɗauka ba.

Goma da rabi aka ɗauke wuta.

Fanka ta tsaya a kaina, ni ma zuciyata ta tsaya. Wayar nan ba ta ɗumi sai da wuta. In gahawar ta kai rana tsaka a tiren, babu tsaga, babu gam, babu Telio da za a ɗora wa laifi, to Bienvenido ne da kansa ya ƙi. Na fito titi da gudu. Layinmu da na bayan coci wani lokaci tare ake ɗaukewa, wani lokaci daban. Na tari wani ɗan acaba da ya fito ta can.

"Akwai wuta bayan coci?"

"Maigida, ni fasinja nake kallo, ba ƙwan lantarki ba."

Na kira mai shagon kusa da gidanta, na ce firjinsa nake tambaya. Ya ce janareta ya tayar, bai san ko an kawo ba. Na koma na zauna kan akwatin kayan aiki. Ni da rabona da addu'a mai tsawo tun asibitin Ramona, na zauna ina roƙon Allah wutar lantarki a gidan da aka kore ni. Har Bienvenido na yi wa magana, mutumin da ban taɓa gani ba sai a hoton bango. Na ce, Don, ka sha. Ko ba don ni ba, ka sha don ta mayar da 'yan kunnenta.

Sha biyu ta wuce. Ɗaya ta wuce. Na ciro wayar na duba ko ta mutu. Biyu ta wuce. Uku ta yi, lokacin da ƙafata ta saba kama hanya, na tashi tsaye na rasa inda zan nufa, na koma na zauna.

Uku da ashirin wayar ta yi ƙara. Hoto ne. An cire ragar, an ɗauka daga sama, ya ɗan karkace, yatsanta ya rufe gefe. Tiren a bushe, sai wani ɗan jan zobe a tsakiya. Sai ga saƙon murya. Wannan karon babu ƙarar keke a baya.

"An ɗauke wuta awa biyu, amma ya sha. Bai yi sauri ba, dama can ba mai sauri ba ne." Ta ja numfashi. "Ban yafe maka ba, kada ka yi murna. Na kira Radhamés na ce ya tsayar da motar, firjina lafiyarsa ƙalau. Yana ta faɗa, wai wane mai gyara ne yake juya mini kai. Ya ce ƙarfe biyar zai kira ta bidiyo, yana so ya ga fuskar mutumin, ya ji daga bakinsa. Ka zo ka yi masa bayani. Kuma ka faɗa masa gaskiya duka, Telio, har wadda ba ta firji ba, don ni ma ban ji ta ba tukuna. Gam kawai ka ba ni labari."

Na rufe shago ban tuna na kashe fitila ba. Na tura wa Yudelka: "Gaya wa Wilkin ranar Lahadi ya zo da mahaifiyarsa." Ta amsa: "Sai na ji abin da aka yi ƙarfe biyar."

Yanzu biyar saura kwata. Ina tsaye a inuwar coci, ina hango ƙofar barandarta a buɗe, ta fito da kujera biyu ta jingina wayarta a jikin tukunyar fure. Radhamés ɗan dambe ne tun yana makaranta, uwarsa ta taɓa nuna mini hoton. Na san yadda zan yi masa bayanin tire tun daga na farko har na yanzu, ba tare da na yi tuntuɓe ba. Ɗaya maganar ce nake ta jerawa tun daga shago, ko kalma uku ban haɗa ba, ga shi ta hango ni, ta ɗaga hannu.